Sabon mashin: yadda ake ronin, da ƙarar da za ka ji a inji

Duk wanda ya fitar da sabon ƙaramin mashin, irin mai cc 100 zuwa 125 ɗinnan, satin farko kunnensa a miƙe yake, ko ɗan ƙwas ya ji sai gabansa ya faɗi. Na tattaro tambayoyin da masu sabon mashin suka fi yi min, zan amsa su gwargwadon abin da na sani kuma na taɓa da hannuna.

Wai dole ne sai na yi ronin? Wasu sun ce injin zamani baya buƙata.

Dole ne ɗan'uwa. Gaskiya ne injin yanzu ya fi na da kyawun aiki daga kamfani, amma har yanzu ƙarfe ne yake gogar ƙarfe. Idan ka taɓa leƙa cikin sabon bulok ka haska da fitilar waya, zaka ga wasu siraran zane sun gicciya juna kamar saƙar raga a jikin bangon, to ba kuskure bane, da gangan aka karce shi haka don ya riƙe bakin mai kuma ringin fistin ya goge a jikinsa har su zauna daram da juna. Wannan zaman shine ronin. In ya yi kyau mashin zai yi ƙarfi, bazai sha bakin mai ba, bazai yi hayaƙi ba. In bai yi kyau ba kuwa tun yana sabo zaka fara ƙara mai duk sati kana mamaki. Kuma ba ringi kaɗai ba, haƙoran giya, boris, kulaci, duk suna sabawa da juna a wannan lokacin.

Kilomita nawa ne, kuma wane gudu zan tsaya a kai?

Littafin da ya zo da mashin ɗinka shine alƙali, don Allah ka buɗe shi kar ya ruɓe a ƙarƙashin sit. Yawanci tsakanin kilomita 500 zuwa 1000 ne. Honda a yawancin littattafanta tana cewa ka kiyaye kilomita 500 na farko, banda murɗe totur gaba ɗaya banda fizga. Yamaha a ƙananan mashinanta tana rabawa mataki-mataki, kilomita 150 na farko kar ka daɗe sama da kashi ɗaya cikin uku na totur kuma duk bayan awa ɗaya ka kashe ya huce minti 5 zuwa 10, daga nan zuwa 500 rabin totur, daga 500 zuwa 1000 kashi uku cikin huɗu.

Kaga totur ake magana ba lambar gudu ba, kuma nan ne mutane suke kuskure. Mutum zai saka giya ta ƙarshe yana tafiya 25 yana ganin lallaɓa inji yake, alhali injin yana ta shaƙewa yana kakkarwa yana jan nauyin da ya fi ƙarfinsa, wallahi wannan ya fi ɗan gudun illa domin duk dukan a kan boris da kwanrod (sandar da fistin yake a kanta) yake sauka. Ka bar inji yana juyi cikin walwala, in ya fara nauyi ka rage giya. Sannan kar ka kafe a gudu ɗaya na tsawon lokaci a miƙaƙƙen titi, ka hau ka sauka, ka ɗan murɗa ka saki, ka zagaya duk giyoyin. Matsin wutar da ke tashi lokacin da ka ɗan ba shi totur shi yake tura ringi ya manne da bango, lokacin da ka saki kuma mai ya hau ya wanke ya sanyaya.

To in kunna shi in bar shi yana silo na awa biyu ko uku, ai ya yi ronin ba tare da wahala ba ko?

A'a, kar ka kuskura. Yawancin ƙananan mashinan nan iska ce take sanyaya su, shi ya sa kake ganin fika-fikan ƙarfe a jikin bulok, in yana tsaye babu iskar da zata ratsa su, zafi kawai yake tarawa. Kuma a silo babu matsin da zai zaunar da ringi, sai mai ya ƙone ya yi wa bangon wani sheƙi kamar gilashi, zanen nan ya toshe, shikenan ringi bazai ƙara zama daidai ba. Da safe minti ɗaya ko biyu ya isa mai ya zagaya, ka hau ka tafi a hankali har ya ɗumama.

Goyo da kaya fa?

Ka ɗaga musu ƙafa a ɗaruruwan kilomita na farko, musamman a hawan tudu. Sabuwar taya ma tana da santsi, birki bai gama kamawa ba, ka ba su kamar kilomita 100 zuwa 150 kafin ka fara kwanciya a kwana.

Yaushe zan juye bakin mai na farko? Kuma na ga wani ƙyalƙyali a ciki.

Sabis na farko yana faɗowa a 500 ko 1000, ya danganta da kamfani, ni dai in ka juye da wuri ban ga laifi ba, jinkirin ne bana so. Injin nan duka man da yake ɗauka wajen lita ɗaya ne kawai, wasu ma 0.8, kuma a masu giya man nan ɗaya shi yake hidimar fistin da giya da kulaci, sannan da yawansu basu da filtar takarda sai 'yar raga a ƙasa. Ka tari man a kwano mai tsabta ka kai shi rana ka karkata. Ƙyalƙyali mai laushi kamar gari wanda in ka murza a yatsa baka jin komai, wannan na ronin ne, a juyi na biyu zai ragu sosai. Amma in ka ji ɓarɓashi yana sukar yatsa, ko ka ga ɓalli-ɓallin ƙarfe da ido, ka adana shi kar ka zubar, hujja ce.

Wajen sayen mai ka duba jikin galan ka ga JASO MA ko MA2 in mashinka mai kulaci a cikin mai ne, man mota yana iya sa kulaci ya riƙa zamewa. Sikuta mai bel ita JASO MB ake rubuta mata. Kauri kuma, 10W-30 ne ko 10W-40 ko 20W-50, abin da littafi ya ce.

Ina jin tik-tik-tik daga saman inji, ko an sayar min da mai matsala ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma galibi tafet ne. Tsakanin bawul da abin da yake danna shi akwai 'yar tazara da aka bari da gangan, a irin waɗannan injinan galibi wajen 0.05 zuwa 0.10 na milimita ce, kusan kaurin gashin kai, saboda ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi. Wannan tazarar ce take tik-tik kamar keken ɗinki, a jere, tana ƙaruwa da totur tana raguwa da shi. A lokacin ronin tana iya motsawa, shi ya sa ake duba ta a sabis na farko, kuma sai inji ya huce sarai ake awo da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, ba da ka ba.

Abin da nake so ya zauna maka a rai shine, ɗan tik-tik ya fi shiru tsit alheri. Ni kaina na taɓa matsa wa wani makanike ya kashe min ƙarar tafet, ya ɗaure ta tam, na tafi ina murna inji ya yi luf. Sati biyu mashin ya fara wuyar tashi, yana mutuwa a silo in ya yi zafi, da aka buɗe bakin bawul ɗin salansa ya fara cinyewa, domin baya rufuwa sosai wuta tana bi ta gefe. Bawul ta wurin zamansa yake sauke zafi, in bai zauna ba ƙonewa zai yi, kuma ba tare da ya yi maka ƙara ba.

To ta yaya zan bambance ta da ƙara mai haɗari?

Ka kafa mashin a stan ɗin tsakiya, ka ɗauki doguwar sukundireba ka ɗora bakinta a jikin inji, ƙotar a kunnenka, ka yi hattara da wayar fulogi da salansa. Ka saurari kai, ka saurari bulok, ka saurari ƙasa, inda ƙarar ta fi ƙarfi nan take. Sannan ka lura da abu uku, da sanyi take yi ko da zafi, a silo ko sai an ɗora nauyi, tana bin juyin inji ko juyin taya.

Cakar-cakar kamar ana jan sarƙa a gefe ɗaya na bulok, taimin cen ne, wato sarƙar cikin inji mai sarrafa bawul, ya saki ko abin da yake ɗame shi bai kama ba. Ƙwal-ƙwal a tsakiyar bulok da safe wadda take ɓacewa in ya ɗumama, fistin ne yake ɗan kaɗawa kafin ya buɗe, in kaɗan ce ba tashin hankali amma a sabon mashin ka faɗa a sabis. Fut-fut mai kaifi daga gaba, duba inda salansa ta haɗu da inji, sau da yawa noti ne ya saki, zaka ma ga baƙin toka a wurin. Wadda take bin juyin taya kuma ta ɓace in ka tsaya, ba inji bane, cen ne, sabon cen yana saurin saki, wasansa ya tsaya wajen milimita 20 zuwa 30 a yawancin su. Zirrr a wani gudu na musamman kuwa roba ce ko kaba ko lamba take rawa, dafa da hannu zaka ji ta yi shiru.

Wadda bana wasa da ita ita ce dum-dum ko ƙwam-ƙwam mai nauyi daga ƙasan inji, wadda take ƙaruwa in ka ba shi wuta kuma zafi baya rage ta. Wannan boris ɗin kwanrod ko na karanshaf ake zargi. Kashe shi nan take ka duba mai.

In ina hawan tudu ina jin kamar tsakuwa a gwangwani.

Fetur ne yake fashewa ba bisa ƙa'ida ba a ɗakin wuta. Giya ta yi sama da yawa, ko inji ya yi zafi, ko fetur ɗin bashi da kyau. Rage giya, in ta ɗauke to kai ne kake shaƙe shi. In ta ci gaba, canza fetur, a duba fulogi da kafireto, domin in ta daɗe tana iya cin kan fistin.

Bayan na kashe yana tas-tas, ga ƙauri.

Ba komai, salansa ce take hucewa, ƙaurin kuma fenti ne da maiƙon kamfani suke ƙonewa, kwana kaɗan zai wuce. Shuɗin hayaƙi daga salansa wanda ya ƙi ɗaukewa bayan ronin a inji mai bugu huɗu, shi ne abin kai ƙara.

In na tabbatar ƙarar ba ta lafiya bace, makanike zan kai ko inda na saya?

In yana cikin garanti inda ka saya, kuma kar ka bari kowa ya kwance inji kafin su gani, da an taɓa noti ɗaya zasu iya cewa ba ruwansu. Ka ɗauki ƙarar a waya sau biyu, ɗaya da sanyin safiya ɗaya bayan tafiyar minti 15, ka rubuta kilomitar da ta fara, ka tafi da rasit ɗin sabis da ɗan man da ka adana. In ƙarar ƙasan inji ce kar ka hau shi zuwa can, a ɗauke shi a mota.