Haƙƙin 'Yan Ƙasa na Sauke Gwamnati ta Hanyar Ƙuri'a

Haƙƙin sauke gwamnati ta hanyar ƙuri'a shi ne ikon da 'yan ƙasa suke da shi na ƙin sabunta wa masu mulki wa'adi idan lokacin zaɓe ya zo, su ɗora wasu a madadinsu ba tare da juyin mulki ko zubar da jini ba. Masana siyasa da dama suna ɗaukarsa a matsayin ma'aunin dimokuraɗiyya, domin ko a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya ana gudanar da zaɓe, amma ba a taɓa barin mai mulki ya faɗi.

Asalinsa a doka

Sashe na 21 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ce ra'ayin jama'a shi ne tushen ikon gwamnati, kuma za a bayyana shi ta zaɓe na gaskiya da ake yi lokaci-lokaci, a asirce. Wannan sharaɗi na maimaita zaɓe shi ne ƙashin bayan haƙƙin, don amanar da aka ba shugaba tana da ranar ƙarewa. A Nijeriya, sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa mulki na jama'a ne, wa'adin shugaban ƙasa da gwamnoni kuwa shekara 4 ne, sau biyu kawai. Akwai kuma kiranye, wanda sashe na 69 ya tanada domin janye ɗan majalisar tarayya kafin wa'adinsa ya cika, sai dai sharuɗɗansa suna da tsauri ƙwarai. Yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a 2018 ya rushe tun a matakin tantance sa hannun masu ƙorafi.

Yadda ya kankama a Afirka

Bayan samun 'yancin kai, sojoji da jam'iyya ɗaya ne suka mamaye yawancin nahiyar. A 1991 al'amura suka fara sauyawa: Mathieu Kérékou na Binin ya sha kaye a hannun Nicéphore Soglo, Kenneth Kaunda na Zambiya kuma ya faɗi bayan shekara 27 a kan mulki. Abdou Diouf na Senegal ya bi sahu a 2000, John Mahama na Ghana a 2016, kafin masu zaɓe su sake dawo da shi a 2024.

Zaɓen Nijeriya na 2015

Wannan ne karo na farko da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a tarihin Nijeriya, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Jam'iyyar PDP ta yi shekara 16 tana mulki, 'yan adawa kuwa a warwatse suke har zuwa 2013, lokacin da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC. Matsalar Boko Haram da sace 'yan matan Chibok a 2014 sun ƙara fusata jama'a. Hukumar INEC a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta shigo da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi, abin da ya rage aringizon ƙuri'u. An ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Da aka kammala ƙidaya, Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Goodluck Jonathan miliyan 12.8, kuma tun kafin a bayyana sakamakon ƙarshe Jonathan ya buga wa abokin takararsa waya ya taya shi murna. Wannan kira ya kwantar da hankalin ƙasar da ba ta manta da rikicin bayan zaɓen 2011 ba, kuma abin a yaba ne komai ɓangaren da mutum yake.

A arewa, masu zaɓe sun riga sun gwada wannan iko a jihohi. Kanawa sun kayar da Gwamna Rabi'u Kwankwaso a 2003 suka zaɓi Malam Ibrahim Shekarau. Taken nan na "a kasa, a tsare, a raka" ya nuna abin da talaka ya gane da kansa: jefa ƙuri'a bai isa ba, sai an tsaya an ƙirga ta a rumfa, an bi sakamakon har wurin tattarawa. Haka gwamnoni masu ci suka faɗi a Bauchi da Adamawa a 2019, da Zamfara a 2023.

Abubuwan da ke tauye shi

Maguɗi, sayen ƙuri'a, 'yan bangar siyasa da sauya tsarin mulki don tazarce duk suna raunana wannan haƙƙi. Sayen ƙuri'a ya fi ɓarna a ɓoye, saboda yana amfani da talaucin da gwamnati ta kasa magancewa wajen hana a hukunta ta. Mafi muni shi ne ƙin karɓar kaye. Laurent Gbagbo ya ƙi sauka bayan zaɓen Kwaddibuwa na 2010, aka rasa rayuka kusan 3,000. Yahya Jammeh na Gambiya ya amince da nasarar Adama Barrow a Disambar 2016, bayan mako guda ya yi amai ya lashe, bai bar ƙasar ba sai a Janairun 2017 da ƙungiyar ECOWAS ta tura dakaru.