Waiwaye: Dukan Ƙirji da Wutar Zuciya

Tun da bidiyon Damar Hamlin ya karaɗe wayoyi a Janairun 2023, inda ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya, bayan ya sha karo a ƙirji a wasan ƙwallon Amurka, gardamar ba ta mutu ba a majalisun Sakkwato. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu, wani ya ce yaran yanzu ne ba ƙwari. Mu da ke da 'yan dambe da yara masu tare ƙwallo da ƙirji a filayen unguwa, ai maganar tamu ce.

Abin ya daɗe. Tun ƙarni na 19 likitocin Turai ke rubuta labarin waɗanda aka doka a ƙirji suka mutu nan take, zuciyar kuwa ba ko ƙwarzane. A 1984 aka gano wasu 'yan ƙofofi a jikin ƙwayoyin tsoka, waɗanda ke buɗewa in an ja su, sinadarai masu ɗauke da lantarki su kwararo ciki.

Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne gwajin Boston na 1998. Likitan zuciya Mark Link da abokan aikinsa suka sa wa 'yan aladu maganin barci, suka riƙa harba musu ƙwallon katako a ƙirji da gudun mil 30 a awa, suna auna daidai inda kowane harbi ya sauka cikin bugun zuciya. Ƙarfin ɗaya ne, lokacin kawai suke sauyawa. Da dukan ya faɗo cikin wani ɗan taƙi na kashi 15 cikin 1000 na daƙiƙa, sa'ad da tsokar zuciya ke mayar da cajin lantarkinta don bugu na gaba, sau 9 cikin 10 zuciyar ta daina harba jini, ta koma makyarkyata. Da ya kauce wa taƙin, hakan bai faru ba.

A wannan taƙin wasu ƙwayoyin sun farfaɗo, wasu ba su gama ba. Dukan sai ya ja tsokar, waɗancan ƙofofin su buɗe, ya tayar da wutar da ba lokacinta ba, ta tsinke, ta yi ta kewaya zuciya, kamar makaɗa goma kowa da kiɗansa. Wato lafiyayyen yaro ma bai tsira ba, kuma ba sai dukan Shago ba.

Mu nan da mutum ya faɗi, sai a yayyafa ruwa, a hau fifita, wani ya ruga neman Keke Napep. Hamlin kuwa a kan ciyawar filin aka shiga danna masa ƙirji, aka ɗora masa na'urar da ke ba zuciya shokin lantarki don ta koma bugunta daidai, zuciyarsa ta dawo kafin a sa shi a motar asibiti.