'Yan jagoran cikin ƙwayar halitta: tambayoyi a kan snoRNA

Ɗaliban ilimin halittu a nan Sakkwato sun haddace cewa DNA ke ajiye bayani, RNA ta kai saƙo, furotin ya yi aiki. Da an ambaci snoRNA, wata ƙaramar RNA da ba ta ɗauke da saƙon yin furotin, sai lissafin ya rikice musu. Ga abin da suka fi tambayata.

Malam, in ba saƙon yin furotin take ɗauke da shi ba, me take yi?

Jagora take yi. Gajeren zare ce, yawanci haruffa 60 zuwa 300 (haruffan RNA su ne tubalanta huɗu: A, U, G da C), tana zaune a nukliyolus, ɗan sashen nan na cikin cibiyar ƙwayar halitta inda ake harhaɗa ribosom, injin ƙera furotin. Kaso mafi yawa na jikin ribosom RNA ne, kuma sai an yi wa wasu haruffansa gyara kafin ya naɗu da kyau ya yi ƙarko. Enzayim ke yin gyaran, amma shi kaɗai bai san inda zai taɓa ba. snoRNA ce ke riƙe masa sanda har wurin.

Cikin dubban haruffa, yaya take gane guda ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so. Kun san A da U ke haɗuwa, G kuma da C. To, a jikin snoRNA akwai yankin da haruffansa suka dace da na wurin da za a gyara, sai su manne. Ku tuna baduku in zai yi ado a jar fatar Sakkwato: sai ya ɗora ma'auni ya sa alama kafin basilla ta shiga, don in ya huda ba daidai ba fatar ta ɓaci. A dangin snoRNA da ake kira C/D, akwai wani ɗan jerin haruffa a jikinta da ake kira alamar D; daga nan ake ƙirga haruffa biyar, harafin RNA ta ribosom da ya manne da na biyar ɗin shi za a gyara, ba na huɗu ba, ba na shida ba. Sauya haruffan ɗan jagoran, enzayim ɗin nan dai zai bi shi zuwa wani wuri daban. Shi ya sa enzayim ɗaya ke isar wurare masu yawa.

Wane irin gyara ne?

Iri biyu ne manya. 'Yan C/D suna jagorantar enzayim mai suna fibrillarin ya liƙa ɗan guntun sinadarin methyl a jikin sukarin da kowane harafi ke ɗauke da shi. 'Yan ɗaya dangin, H/ACA, kuwa enzayim mai suna dyskerin suke ja, shi ba ya ƙara komai, juya harafin U yake yi ya sake ɗaure shi ta wani gefen, ya zama pseudouridine. A ribosom ɗin ɗan Adam kowane iri ya kai wurare kusan 100. A 1996 aka gano aikin dangin farko, na biyun a 1997. Abin da har yau ke ba ni mamaki, yawancin snoRNA ɗinmu na 'yan Adam daga cikin intron ake fitar da su, wato yankin da muke koya muku cewa yanke shi ake yi a zubar.

Dukkansu gyara suke jagoranta?

A'a. Wata snoRNA mai suna U3, alal misali, wurin yanka doguwar RNA ta ribosom take taimakawa.

Mu masu shirin zama likitoci, ina ya shafe mu?

Ya shafe ku ƙwarai, kuma ina roƙonku kada ku tsallake babin nan. A cutar Prader-Willi, jariri kan zo da sanyin jiki, ya kasa kama nono, in ya tasa kuma ya riƙa jin yunwar da ba ta ƙarewa. Rashin rukunin snoRNA mai suna SNORD116, a kan kuromosom na 15 da aka gada daga uba, yana cikin manyan dalilanta. In kuma dyskerin ne ya samu naƙasa, sai a ga farce ya lalace, fata ta yi dabbare-dabbare, farin tabo ya fito a baki, daga baya ɓargo ya gaza yin jini. Wannan ita ce dyskeratosis congenita, kuma nau'in da ya shafi dyskerin ya fi kama maza, domin a kuromosom X umarnin yin sa yake.