Bakteriyofaj

Bakteriyofaj, ko faj a taƙaice, wani nau'in bairos ne da ba ya kama mutum ko dabba, sai bakteriya kaɗai. Yakan manne a jikinta, ya ɗura mata ƙwayoyin halittarsa, ya mayar da ita wurin hayayyafarsa har ta fashe, sababbin da suka fito su bi sauran. Yana da yawa a ƙasa da teku, amma ruwan kwata ne masu bincike suka fi ɗiba idan suna nemansa.

Frederick Twort na Ingila ne ya fara lura da shi a 1915, sannan Félix d'Hérelle na Cibiyar Pasteur da ke Faransa ya gano shi a 1917, ya raɗa masa suna, daga baya ya gwada shi a kan masu ciwon atuni. Da maganin penisilin ya wadata a shekarun 1940, likitocin Yammacin Turai da Amurka suka yi watsi da faj. Tarayyar Sobiyat ba ta bari ba, kuma cibiyar da George Eliava ya kafa a Tbilisi ta ƙasar Jojiya a 1923 tana jinya da shi har yau.

Abin da ya sa aka waiwaye shi shi ne bijirewar bakteriya ga magunguna. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala. A 2016 likitoci a San Diego ta Amurka suka ceto wani majinyaci mai suna Tom Patterson da faj da suka ɗura masa ta jijiya, bayan ƙwayar da ya ɗauko a Masar ta gagari duk maganin da aka ba shi.

Inda ƙarfinsa yake, nan ma rauninsa yake. Kowane faj yana da irin bakteriyar da yake kashewa, saboda haka ba ya taɓa bakteriya masu amfani da ke cikin hanji, amma dole sai an ɗebi ƙwayar daga jikin majinyaci an gwada a ɗakin bincike kafin a dace da wanda zai yi aiki. Bakteriya kuma takan bijire masa shi ma, shi ya sa ake haɗa iri da yawa, ko a gwama shi da maganin asibiti. Beljiyam ta ba masu haɗa magani izinin shirya shi ga kowane majinyaci daban tun 2018, yayin da yawancin ƙasashe ba sa yarda da shi sai idan komai ya ci tura.