Takardar gwajin hanta: me lambobin nan suke nufi?

An ja layi a ƙarƙashin ALT da AST a sakamakona. Hantata ta lalace ke nan?

Ba lallai ba ne. Sinadarai ne da ke cikin ƙwayoyin hanta, idan wani abu ya taɓa ƙwayoyin sai su zubo cikin jini. Yawancin ɗakunan gwaji suna sa iyakar ALT a wajen 40, amma kowanne yana rubuta tasa a gefen takarda, ita za ka duba. Mai 60 da mai 1,000 ba halinsu ɗaya ba. Ɗan tashi kaɗan yakan zo daga kitse a hanta, musamman ga masu ƙiba ko ciwon suga, ko daga magunguna. AST ma ana samunsa a tsoka, don haka wanda ya wuni yana noma kafin a ɗebi jininsa zai iya ganin ya ɗaga. Idan lambar ta kai dubu, likita zai fara tunanin ƙwayar cutar hanta da ta kama da zafinta, ko farasitamol da aka sha fiye da ƙima.

To wanne ne ke nuna ko hantar tana aiki?

Albumin, wani furotin da ke cikin jini, da INR, ma'aunin lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Hanta ce ke ƙera albumin, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 35 zuwa 50, ita ce kuma ke ƙera abubuwan da ke daskarar da jini. Idan albumin ya sauka, INR ya hau, ga ƙafa da ciki suna kumbura, wannan ya fi tayar da hankali a kan ALT ɗin da mutane ke ƙura wa ido. Hantar da ta riga ta tsumbure tana iya nuna ALT daidai.

Bilirubin fa?

Sinadari ne da ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, hanta ce ke fitar da shi. Taruwarsa ce ke sa shawara, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar ruwan shayi. Amma zazzaɓin cizon sauro da sikila ma suna ɗaga shi, saboda fashewar ƙwayoyin jini. Idan ya tashi tare da ALP, wani sinadari da ake samu a hanta da ƙashi, ana zargin toshewar hanyar matsarmama, sai a tura ka hoton ciki. ALP shi kaɗai yakan hau ga mai juna biyu da yaro mai girma.

Komai ya fito daidai. Ba ni da ciwon hanta na B ke nan?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Gwajinsa daban ne, sunansa HBsAg. Mutum na iya kasancewa ɗauke da ƙwayar shekaru, lambobinsa lafiya lau. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita. Wanda aka same shi da ita sai an auna yawan ƙwayar a jini kafin a yanke ko zai fara shan maganin tenofovir, a kuma gwada iyalinsa, a yi wa waɗanda ba su kamu ba rigakafi. Jariri ana so ya samu allurar cikin awa 24 da haihuwa.

Zan iya shan jiƙon wanke hanta kafin in ga likita?

A'a, ka dakata. Ba ka san abin da aka jiƙa ba, ba ka san ma'auninsa ba, kuma hantar ce dai za ta tace shi. Ka ɗauki takardar, da duk abin da kake sha, har da sassaƙe da maganin tarin fuka idan kana kansa, ka kai wa likita. Amai da jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko rikicewar tunani kuwa, asibiti ake tafiya a ranar.