Zagayen gandayen daji da wuraren tarihi

Zagayen gandayen daji da wuraren tarihi wani nau'i ne na yawon buɗe ido inda matafiyi ke ware yanki guda, ya kwashe kwanaki yana bin wuraren kallo da ke cikinsa: gandun namun daji, tsaunuka, kogwanni, magangarar ruwa, kufayen tsofaffin garuruwa da wuraren ibada na dā. Wasu kan kama masauki guda a tsakiyar yankin, su fita da safe su dawo da yamma, wasu kuma su riƙa yada zango suna yin gaba.

Asali

A ƙarni na 17 da na 18, 'ya'yan masu hali na Ingila kan ratsa Faransa zuwa Italiya don ganin kufayen Rumawa, tafiyar da kan ci watanni ko shekaru. Jirgin ƙasa ne ya sauko da abin ga sauran jama'a. A 1841 Thomas Cook ya shirya tafiyar ayari daga Leicester zuwa Loughborough, kuma daga nan sana'ar shirya wa mutane balaguro ta kama ƙasa. An keɓe gandun Yellowstone na Amurka a 1872, wanda akan ɗauka shi ne gandun ƙasa na farko a duniya. A Afirka, Virunga na Kwango ya samu wannan matsayi a 1925, Kruger na Afirka ta Kudu kuma a 1926.

Gina madatsar ruwa ta Aswan a Masar ya yi barazanar nutsar da haikalan Abu Simbel. Tsakanin 1964 da 1968 aka yanka su gunduwa-gunduwa, aka sake harhaɗa su a kan tudu. Wannan aiki na taron dangi yana cikin abin da ya share fagen yarjejeniyar kayan gado na duniya ta hukumar UNESCO a 1972. Jerin farko na 1978 ya ƙunshi wurare 12, ciki har da tsibiran Galapagos, majami'un Lalibela na Habasha da tsibirin Goree na Sanagal. A yau sun haura 1,000, kuma matafiya da dama da wannan jeri suke tsara hanyarsu, ko da yake akwai wurare masu daraja da ba su taɓa shiga ciki ba.

Lokaci da nisa

Yanayin shekara ne ke yanke yawancin abin da baƙo zai gani. A gandayen ƙasashe masu zafi an fi ganin namun daji da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suka taru a mashaya. Da damina kuwa daji kan yi duhu, hanyoyi su caɓe. Magangarar ruwa akasin haka take: ta Victoria, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, tana cika wajen watan Afrilu, har feshin ruwa kan rufe ta, amma zuwa Oktoba da Nuwamba ɓangaren Zambiya kan koma kusan dutse tsura. Ke nan wurare biyu maƙwabta na iya buƙatar lokuta biyu dabam, dole matafiyi ya zaɓi wanda ya fi so.

Taswira ma takan ruɗi mutum, domin kilomita 100 a kan hanyar burji ko cikin tsauni ba ɗaya suke da kilomita 100 a kan kwalta ba. Akwai kuma batun tsawo. Daga wajen mita 2,500 zuwa sama ƙarancin iskar shaƙa kan jawo ciwon kai da jiri. Birnin Cusco na Peru yana kan tsawon mita 3,400, kufan tsohon garin Machu Picchu da ke yankin kuwa kimanin 2,430, shi ya sa wasu baƙi ke fara sauka kwarin da ke tsakani kafin jikinsu ya saba.

Illar yawan baƙi

Mafi yawan ƙa'idojin da ake gindaya wa baƙi sun samo asali ne daga ɓarnar da aka riga aka gani. An gano kogon Lascaux na Faransa a 1940, da zane-zanen dabbobi masu shekaru kusan 17,000, aka buɗe shi ga jama'a a 1948. Numfashin masu shiga da ɗumin jikinsu suka sauya iskar kogon, gansakuka ta fara bin bango, aka rufe shi a 1963. Tun 1983 kwaikwayonsa da aka gina a kusa ake nuna wa mutane.

A Yellowstone doka ta ce a bar tazarar mita 91 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, mita 23 kuma ga sauran dabbobi. An hana ba su abinci, domin dabbar da ta saba karɓa daga hannun mutane takan daina tsoronsu, a ƙarshe a harbe ta. Tsintar dutse ko fasasshen kasko a kufai laifi ne a ƙasashe da yawa, sayen hauren giwa kuma yana ƙarƙashin takunkumin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe. Wani hanin kuwa na girmamawa ne: a Oktoban 2019 aka daina hawa dutsen Uluru na Ostireliya, bisa buƙatar al'ummar Anangu da ke ɗaukarsa wuri mai tsarki, amma an bar hanyar da ta kewaye gindinsa a buɗe ga masu tafiyar ƙafa.