Maganin hormon na masu sauya jinsi da batun wanda ke biyan kuɗinsa

Hormon sinadari ne da jiki ke fitarwa cikin jini, kuma wasu ire-irensa ne ke ba jiki siffar namiji ko ta mace. Maganin hormon na sauya jinsi magani ne da likita ke rubuta wa mutumin da jinsin da yake ji a ransa ya saɓa da wanda aka san shi da shi tun haihuwa, domin siffar jikinsa ta karkata zuwa ɗayan jinsin. Wanda aka haifa namiji ana ba shi estradiyol, wani nau'in estrojen, wato hormon ɗin mata, na haɗiya ko allura ko na liƙawa a fata, tare da maganin da ke danne testosteron, hormon ɗin maza, kamar spironolakton ko siproteron. Wadda aka haifa mace kuwa testosteron ake ba ta, allura ko man shafawa. Sauyin yana ɗaukar watanni har shekaru, kuma wani ba ya komawa ko an daina shan maganin: muryar da ta yi kauri ba ta sake sirancewa, nonon da ya fito ba ya ɓacewa, haihuwa ma tana iya raguwa.

Ƙwayar kanta ba ita ce mai tsada ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne awon jini da ganin likita, kusan duk wata uku a shekarar farko, daga baya sau ɗaya ko biyu a shekara, har tsawon rayuwa. Testosteron yana sa jini ya yi kauri. Spironolakton yana ɗaga sinadarin fotasiyam, wanda idan ya yi yawa yake rikita bugun zuciya. Siproteron mai yawa na tsawon lokaci yana taɓa hanta, an kuma danganta shi da ƙari a fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa. Estrojen yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, musamman ga mai shan taba. Saboda haka duk tsarin da ya biya magani ya bar awo, rabin aiki ya yi.

A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da bugu na 11 na kundinta na rarraba cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. A cikinsa ta fitar da wannan hali na saɓanin jinsi daga sashen taɓin hankali ta mayar da shi sashen lafiyar jima'i. Ba ta goge shi gaba ɗaya ba, domin asusun inshora ba ya biyan abin da ba shi da lamba a kundin. Ajantina ta sa maganin cikin abubuwan da dole inshora ta biya ta hanyar dokar 2012. Burazil ta fara ɗaukar nauyin masu sauya jinsi a asibitocin gwamnati a 2008, ta faɗaɗa tsarin a 2013. A Faransa likita yana neman a sa mutum cikin jerin masu jinya mai tsawo, sai asusun ƙasa ya biya. A Ingila kyauta ne, amma layin jira yana kai shekaru, kuma tun 2024 an taƙaita maganin dakatar da balaga ga ƴan ƙasa da shekara 18. A Amurka kowace jiha da hukuncinta.

Malaman Musulunci sun bambanta tsakanin hali biyu. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 1989 ta haramta sauya jinsi ga wanda halittarsa ta bayyana sarai, ta halatta magani da tiyata ga mata-maza domin a kawar da shubuha. Iran ta bi wata hanya daban bisa fatawar Ayatullahi Khumaini, har gwamnati tana tallafawa da wani ɓangare na kuɗin.

A Nijar tsarin magani kyauta da aka kafa wajen 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5, awon ciki, tiyatar haihuwa, tazarar haihuwa da sankarar mata. Maganin sauya jinsi ba ya ciki. Ma'aikacin gwamnati yana samun tallafin kashi 80 cikin 100 na kuɗin jinyar asibiti, amma mafi yawan jama'a, a Yamai ko a Tawa, daga aljihu suke biyan awo da takardar farmasi. Ga kuma doka: kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 a madadin kundin tsarin mulki ya ambaci masu sauya jinsi cikin abubuwan da ya haramta. Wanda ke cikin wannan hali ba shi da ƙofar neman tallafi, yana ma tsoron buɗe wa likita cikinsa.

Rufe ƙofar asibiti ba ya hana shan magani, wurin sayensa kawai yake canzawa. A ƙasashe da dama an ga masu wannan buƙata suna komawa ga ƙwayoyin tazarar haihuwa, su sha ninki biyu ko uku, alhali estrojen ɗin da ke cikinsu, wato etinilestradiyol, shi ne mafi haɗari wajen daskarar da jini, har likitoci suka daina amfani da shi a wannan jinya. A garin da ake tallar magani a tire cikin zafin rana, wannan abin tsoro ne. Kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, alama ce ta gaggawa, kuma ko wane ne mai ita, haƙƙinsa ne a karɓe shi a rufa masa asiri.

Akwai kuma waɗanda ƙurar wannan muhawara ke rufewa ba tare da sun shiga cikinta ba. Jaririn da aka haifa mata-maza, yarinyar da ba ta balaga ba saboda ciwon Tana, wata matsalar ƙwayar halitta da ake haihuwar ƴa mace da ita, saurayin da ƴaƴan marainansa ba sa aiki, matar da aka cire wa ƙwan mahaifa tana da ƙuruciya, duk irin waɗannan hormon suke buƙata. Wasu jariran mata-maza matsalarsu a ƙullin da ke saman ƙoda take, kuma idan ba a ba su hidrokotizon da maganin riƙe gishiri ba suna iya mutuwa cikin makonnin farko. Iyalin da ke Tawa sau da yawa sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa manyan asibitocin Yamai kafin su ga ƙwararren likitan hormon, kuma ranar da yaron ya cika shekara 5 kyautar ta ƙare, alhali jinyarsa ta har abada ce.